Raufu Adigun, Mai Zanen Kwalin Faifai

Raufu Adigun bai taɓa zama a gaban wani an koya masa zane ba. Ubansa mahauci ne a unguwar Mushin a Legas, kuma a bangon mayanka ya fara da gawayi, yana zana kawunan shanun da aka jera a ƙasa. Ranar da ya zana uban nasa da ƙaton tumbi, mahauta suka taru suna dariya, tsohon ya kai masa duka da ƙotar gatari har ya zubar masa da haƙori biyu. Ya bar gida yana da shekara sha biyar, ya koma tashar Oshodi yana zana wa direbobi zakuna da mikiya a jikin motoci.

Na san shi a 1976, a wata maɗaba'a a Shomolu inda nake aikin injin yankan takarda. A lokacin mawaƙan fuji, wani salon kiɗan Yarbawa, sun fara nemansa, domin idan ya zana kwalin faifai, mutum kan saya tun bai ji waƙar ba. Ba ya ɗora hoton mawaƙi kawai kamar sauran. Sai ya sa a kunna masa faifan sau goma yana cin amala da hannu ɗaya, sannan ya cika kwalin da mutane: 'yan kasuwa, 'yan sanda, mata masu gwaggwaro, kowa da abin da yake yi.

Babban mai ba shi aiki shi ne wani mawaƙin fuji, Alhaji Yekini Ajadi. Alhaji yana da makaɗi, Saka Dudu, wanda ya ɓalle ya kafa tasa ƙungiya, ya kwashe masa rabin yara. Daga nan suka shiga yi wa juna zambo a waƙa, kowa da 'yan tashar da ke tsaya masa. Wata rana Alhaji ya zo da kansa ya ce yana son a zana Saka a siffar bunsuru, ɗaure a ƙafar kujerarsa. Matar Raufu, Morenike, ta roƙe shi ya bari, ta ce faɗan manya ne. Ya ce mata ai fenti ne kawai.

Ya zana bunsurun da tsagar fuskar Saka da haƙorinsa na zinariya. Cikin mako guda babu shagon faifai a Legas da bai rataye shi a ƙofa ba. Idan Saka ya wuce a mota, mata masu sayar da barkono sai su riƙa yi masa kukan akuya.

Ranar Talata da azahar yaran Saka suka zo maɗaba'ar, su shida, a motar haya. Mai maɗaba'ar ya tsere ta baya. Ni na ɗauki sandan ƙarfe, ɗaya daga cikinsu ya fasa mini kwalba a ka, na faɗi jini ya rufe mini ido. Daga ƙasa nake kallo. Suka danne Raufu a kan teburin aikinsa, babbansu, wani mai suna Lamidi, ya tambaye shi da wane hannu ya yi zanen. Raufu ya miƙa hagu.

Lamidi ya yi dariya ya ce, "Oga mai zane, fentin ai a dama yake."

Da guduma suka yi, yatsa bayan yatsa. Ya yi ta ihu har muryarsa ta ɗauke. Kafin su fita suka juye masa gwangwanin jan fenti a ka. A asibiti likita ya cire yatsu biyu, sauran ukun suka ƙage, ba su sake lanƙwasuwa ba.

Bayan kwana tara, Saka yana wasa a wani bikin suna a Agege, yaran Alhaji suka faɗa wa taron da adduna da kwalabe. Aka kifar da tukwanen shinkafa, aka tattake tsofaffi. Wani makaɗin Saka mai suna Muili, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, aka sare shi a wuya, ya mutu da gangarsa rataye a kafaɗa. Matarsa na da cikin wata bakwai.

Wata huɗu Raufu yana ɗaki yana koya wa hagunsa riƙe burushi. Morenike ce ke matse masa fenti, ita ke ciyar da gidan da kifin da take soyawa. Sai ga Alhaji ya dawo da sabon aiki: yana son Saka kwance a makara, shi kuma tsaye a kansa. Raufu ya ce ya dawo bayan mako biyu.

Ina wurin ranar da ya dawo. A kan kwalin, Muili ne kwance cikin jini da shinkafa. Alhaji da Saka suna tsaye a kansa kafaɗa da kafaɗa, suna waƙa, jama'a na yi musu liƙi. Layukan ba su miƙe kamar da ba, amma babu wanda ba za ka gane ba. A can gefe Raufu ya zana kansa, riƙe da gwangwanin fenti.

Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya kwaɗa masa mari har ya faɗi a kan benci.

"Ni na fito da kai daga tasha," in ji shi.

Raufu ya tofar da jini ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Shi ya sa na yi maka hanci mai kyau."

Alhaji ya yayyaga kwalin, ya rantse babu mai fuji da zai sake ba shi aiki, kuma haka aka yi. Raufu ya koma yi wa mawaƙan coci da ƙananan masu kiɗan juju zane, ya yi sama da ɗari da hagunsa. Da kaset ya kori faifai, kwali ya zama kamar tafin hannu, ya ce mutanensa ba za su shiga ciki ba, ya koma rubuta allunan masu aski da masu abinci. Ya rasu a 1994, bayan ciwon suga ya ci masa ƙafa. Har yanzu akwai wata mai amala a Bariga da allonsa ke rataye a ƙofarta, ta hana 'ya'yanta su sake masa fenti.