Faifan da Inna ta bari

Ina wanke shinkafa a tsakar gida, a Yelwa, wayar yayana ta shigo. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna ta cika bayan Azahar." Na ce innalillahi, na ajiye ƙwaryar. Kafin ɗan acaɓa ya kai ni tasha, in sami motar Wara, an riga an kai ta makwancinta.

Ran sadakar uku matar yayana ta miƙo mini wani ƙunshi a tsohon zane. "Naki ne, Gwaggon yara. Ta ce kada kowa ya taɓa." Faifai ne da bai kai rabi ba, basilla na soke a inda ta tsaya, ga rinanniyar kaba a ɗaure.

Ɗinkin faifai shi ne sana'ar Inna. Mata da yawa a ƙauyenmu suna yi, ni ma a hannunta na koya. Amma mu kwaikwayo muke: ka ɗauki faifan wata, ka ƙirga layi, ka bi. Inna ba ta maimaita ado. Idan aka ce ta yi irin na wance, sai ta ce, "Wancan ai an riga an yi shi."

Tana da yadda take samo sabo. Idan ado ya ƙi zuwa, ba ta zama ta yi ta kallon kaba. Sai ta yafa mayafi bayan gari ya waye, ta gangara bakin ruwa inda masunta ke sauke kifi. Ba saye take zuwa yi ba, kuma kowa ya sani.

"Inna, yau ma da ido za ki ci?" in ji wani mai kwale-kwale, tsaran yayana.

"Kai dai juya min kurungun nan in ga bayanshi."

"Kallo ma kuɗi ne fa."

"To ka fara biyana na kallon da ka yi min kana tsumman goyo."

Sai a yi dariya, ya juya mata kifin. Takan duba ɗigon jikin kurungu, da layin da ke gefen karfasa, da yadda birgi, ragar nan ta kamun kifi, ke buɗewa a kan ruwa idan an jefa. Daga nan ta tsuguna a kan jiƙaƙƙen yashi ta yi zane da yatsa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙe ta shafe da ƙafa.

Wannan shafewar ta daɗe tana ba ni haushi. Zuwana na ƙarshe, da damina, na raka ta. Ta zana wani abu mai kyau, da'ira cikin da'ira, da wasu ƙahonni da ke karkata gefe guda. Na zaro waya zan ɗauki hoto, ta riga ni da ƙafa.

"Haba Inna! Mi zai ragu in na ɗauka?"

"In na ajiye shi, kwaikwayon kaina zan koma yi. Wanda ya isa ɗinki zai biyo ni gida da kanshi. Wanda bai biyo ni ba, ruwa ya sha abinshi."

A hanyar komawa ta ce, "Wanga ado naki ne, ɗiyata. Na yi ma kowa, ke ban taɓa zama na yi miki naki ba." Na ce ba sauri. Ban tambaye ta yadda adon zai ƙare ba. Na ɗauka zan gan shi.

Da na dawo Yelwa da ƙunshin, na yi niyyar ƙarasa shi kafin arba'in. Hannu ba matsala ba ne, na iya ɗinkin. Tsakiyar baƙa ce, sai ja layi uku, sai ƙahonnin nan guda bakwai da suka fara fitowa da kore. A nan Inna ta tsaya. Ban sani ba ko haɗuwa za su yi, ko watsewa zuwa baki. Na nuna wa wata tsohuwa 'yar ƙauyenmu da suka yi sana'ar tare da Inna. Ta jujjuya shi, ta ce, "Ita kaɗai ta san inda ta nufa."

Sau biyu na ci gaba da abin da na zata, sau biyu na warware. Yana fitowa kamar na kasuwa.

Sai na fara yin abin da take yi. Ranar da ba aiki da yawa, nakan je bakin ruwa da safe in tsaya wajen masu kifi. Nan ba su san ni ba, har wata ta ce in ba saye zan yi ba in matsa. Nakan tsuguna in zana a yashi, in shafe. Sau ɗaya wani ado ya biyo ni gida, na yi shi a wani sabon faifai, maƙwabciyata ta tambaye ni inda na gani. Na ce ban gani a ko'ina ba.

Amma wancan nawa ne, ba shi ne wanda Inna ta shafe ba. Faifanta yana cikin zanensa a kan akwatina, na mayar da basillar inda ta soke ta. Ban ƙara masa layi ko ɗaya ba.