Tafiyar da Na Yi Saboda Inno

Mutanen gidanmu sun ɗauka faɗa na tafi yi da malaman Malbaza da Illela. Ba haka ba ne. Ina koyar da rubuta shirin kwamfuta da harshen BASIC a wata ƙaramar cibiya a Konni. Ɗalibata Inno 'yar makiyaya ce: da damina suna wajen Illela, da kaka Malbaza, da rani nan. Ko'ina ta je tana shiga aji, amma abin da ta rubuta a can sai kwamfutar nan ta ƙi shi, don kowace cibiya da irin BASIC ɗinta. Ta ce ta gaji, za ta bari.

Malbaza

Bayan sallar asuba na shiga mota. Jandarmomi sun tsayar da mu, direba ya ce, "Malama, saki fuska mana." Na ce sai ya gyara kujerarsa. A cibiyar Malbaza na tarar da malaminta, Malam Sani, yana shan shayi. Na nuna masa: idan ana son kwamfuta ta maimaita aiki, ni da WEND nake rufe umarnin, shi da END WHILE.

Ya ce, "Nawa ne na zamani, ƙanwata."

Na ce, "Yaya, zamaninka bai wuce Malbaza ba."

Ya yi dariya, ya saya mini fura.

Illela

Daga Malbaza na zo Tsarnawa, na hau motar garin Tawa, na sauka Badagishiri, kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Malama Hadiza, mai koyarwa a cibiyar Illela, ta sauke ni a gidanta, muka ci tuwon hatsi da miyar kuka. Ita ba ta amfani da nawa ko na Malam Sani, da DO take buɗewa, ta rufe da LOOP. Na ce, "Anti, wa ya koya miki wannan?" Ta ce in gwada kafin in yi surutu. Muka kira Malam Sani a waya, ya gwada hanyarta, kwamfutarsa ta karɓa. Na kira mai gadin cibiyarmu ya kunna tawa, Inno ta buga. Tawa ma ta karɓa.

Konni

Na iso gida da la'asar, na gode Allah, na gode wa masu masaukina. Ban so ba, amma hanyata ce za a bari. Gobe zan goge WEND daga allo, in sake darussana duka da hanyar Hadiza, sauran umarnin kuma mu ukun mu bi su ɗaya bayan ɗaya kafin shanun su Inno su tashi.