Hoton Jika a Tashar Kuyello

A tashar motocin Kuyello da ke Birnin Gwari, wata dattijuwa tana tsaye a kan kwalbati, inda sabis ya fi kamawa. Gajera ce, tafinta jajir da lalle, ta ɗaga waya sama har mayafinta yana zamewa. Da alama sabuwar kaka ce. Hotunan jaririyar da aka haifa wa ɗanta take tura masa a Legas, don ya ce sai ya ga kamanninta zai zaɓi suna, ga shi gobe ne sunan.

Yadda take turawar ne abin kallo. Ta saki hoto ɗaya, ta jira ya isa, sannan ta saki biyu, sannan huɗu. Da ta ga suna ta juyi ba su tafi ba, sai ta koma biyu.

"Yau kasuwa, kowa na kan layi," take ce wa mai raken da ke gefenta. "In ka koro shanu duka kan 'yar gada, ba wadda za ta haye."

Tirelar masara ta gifta, hotuna suka maƙale.

"Inna, rage!" in ji mai rake.

"A'a, ɗan nan. Wannan ba cunkoso ba ne, mota ce ta tare mini sabis." Ta sake turawa ba ragi, suka wuce.

Direban motar da za ta kai ta da dangi gidan suna yana ta danna hon. "Inna, ke kaɗai ake jira, zan tafi fa!"

Wayar ta yi ƙara, ɗan nata ne ya kira da sunan da ya zaɓa. Ta kara a kunne, sai ta rangaɗa guɗa.

"Lailatu! Tafi mana, direba, mu gani. Sunan dai a bakina yake!"