Rigar da Yaya Ya Farke

Yayana tela ne, kuma a layinmu ba mai kiran sa da sunansa, sai dai Daidai-wa-daida. Shi ya jawo wa kansa. In ya auna ka, abin da tef ya faɗa shi zai yanka, ba ya barin rara a cikin ɗinki ko ta faɗin farce. In ka yi ƙiba daga baya, kai ka jiyo. Na sha yi masa mita a kan haka, domin ni jikina ba ya tsayawa wuri ɗaya. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Barin rara aikin wanda bai yarda da hannunsa ba ne." Gyaran tsofaffin kaya kuwa, ko roƙon sa ka yi ba zai karɓa ba.

Da matarsa ta rasu, Allah ya jiƙan ta, muka tarar da wani yadi a ƙasan akwatinta, ruwan ganye mai ƙananan furanni. Ta saya ne don 'yarsu tilo, wadda muke kira 'Yar Baba, da ke aure a wata ƙasa mai nisa, amma ciwo bai bar ta ta aika ba. Awon yarinyar a kansa yake. Ya yanka, ya ɗinka doguwar riga, ɗan ƙyallen da ya rage ya naɗe almakashinsa da shi. Ya ce ba zai ba kowa saƙo ba. Da hannunsa zai kai, da idonsa zai gan ta a cikinta.

Jirgin sama ya ce ba da shi ba. Ta ƙasa zai bi, yana ya da zango wurin waɗanda ya koya wa ɗinki, da suka bazu a ƙasashen da ke kan hanya. Ya tsara komai tsaf, zai isa kafin damina, ya yi wata guda, ya juyo.

Na ce, "Yaya, kana taka, Allah na tasa fa."

Ya ce, "Ke dai ki riƙa share mini ƙofar shago."

A ƙasar farko komai ya tafi yadda ya so, har ya riƙa bugo mini waya don kawai in ji. A ta biyu ne ido ya raina fata. Mutumin da zai sauke shi ya tashi daga garin, lambarsa ba ta shiga. Yana cikin wannan aka rufe iyakar da ke gabansa, ba wanda ya san ranar buɗewa. Ruwa kuma ya sauko da wuri ya cinye gadar da ya baro a baya. Ga shi a garin da ko "sannu" bai iya faɗa da yarensu ba.

Ya kama ɗaki a saman wani shago: gado, kujera, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Kullum da safe sai ya saɓa jaka ya tafi tasha, mai sayar da tikiti ya girgiza masa kai, ya dawo. Muryarsa a waya ta koma ta wani tsoho da ban sani ba. Gaskiya na tsorata. Mutumin da bai taɓa makara ba, yau ga shi an hana shi ko sanin ranar tafiya. Rigar tana cikin leda a ƙarƙashin matashinsa, ya ce wani lokaci yakan ciro ta ya duba ko asu ya taɓa.

Shagon da ke ƙasansa na wata tsohuwa ce mai gyaran kaya. Ƙarar kekenta ce ta hana shi sakat, domin kunnen tela ba ya jure keken da ke neman mai. Ran nan ya gaji ya sauka, ya nuna mata da hannu ta matsa, ya ɗiga man keken da ba ya rabuwa da shi, ya ɗaure abin da ya kwance. Ita kuma ba ta yi wata-wata ba, ta turo masa tarin wanduna gabansa. Da ya gaya mini, sai da na ajiye wayar na yi dariya mai isata. Daidai-wa-daida yana rage ƙugun wandon wani!

Ba yaren da ya haɗa su, sai alli da yatsa da tsaki. Ya ce in aka kawo riga ta yi kaɗan, tsohuwar takan sa reza ta buɗe ɗinkin gefe. In ta tarar da rara a ciki, sai ta shafa yadin kamar tana sa wa telan albarka. In babu, sai ta ja tsaki mai tsawo.

"Tsakin nan, ƙanwata," in ji shi, "kamar da ni take."

Ya ga masu zuwa. Mace ta haihu, rigunanta sun ƙi ta. Mutum ya fito daga asibiti, wandonsa na zamewa. Ba wanda ya tsaya yadda aka auna shi. Inda babu rara kuwa, tsohuwar takan tsarga wani yadi dabam a gefe, ta zauna da shi har ka rantse ado ne aka yi tun farko. A hankali Yaya ya rage zuwa tasha, ya koma leƙawa in ya sami sarari.

Ana nan sai 'Yar Baba ta kira ni. "Goggo, ina da juna biyu. Ke za ki gaya wa Baba, ni nauyinsa nake ji."

Na yi murna har da hawaye, sannan rigar ta faɗo mini a rai. Yadin nan guda ne, mai sayen sa ba ta duniya, kuma na san hannun da ya yanka shi. Ko yau aka buɗe iyaka, rigar ba za ta shige ta ba. Na yi ta jan ƙafa kafin na buga masa.

Na gaya masa. Ina jin keken tsohuwar yana tafiya a bayansa.

"Yaya, kana ji na?"

"Ina ji. Alhamdu lillahi. Allah ya raba lafiya."

"Amin. To, rigar fa?"

"Ita nake tunani. Ina duba ta inda zan fara farkewa."

Ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa a kan ɗinkinsa ba. Daga baya ya ce da ya shimfiɗa rigar a tebur, sai tsohuwar ta ɗauki rezarta ta buɗe gefen. Ta leƙa, ba rara ko kaɗan. Ta ja tsakinta, ta dube shi tana tambaya da ido wane ne wannan marar tausayi. Ya nuna ƙirjinsa. Ta yi dariya har da tari.

Ya kwance ƙyallen almakashi, ya ga bai kai ko'ina ba. Sai ya hau sama ya ɗauko rigarsa mai ruwan toka, wadda marigayiyar ta fi so ta gan shi a ciki, ya sa mata almakashi. Ya tsarga ta a gefe biyu, ya bi bakinta da siraran ƙyallen furannin, ya sa zariya daga ciki don a iya tsukewa bayan haihuwa.

Sai bayan damina aka buɗe iyakar. Na ɗauka a ranar zai bar garin, amma ya ce akwai kayan mutane a hannunsa, sai ya gama. Ya bar wa tsohuwar kwalbar man kekensa, ita kuma ta cusa masa rezarta a aljihu.

Ko da ya isa, 'Yar Baba ta yi nauyi, da ƙyar take tashi. Ita ta ba ni labarin sauran. Ta shiga ɗaki ta sa rigar, ta zauna mata cif, ta fito falo. Yana tsaye da tef a wuya, bai auna komai ba, kallo kawai yake. Ta shafa furannin, ta gane zaɓin mahaifiyarta. Sannan hannunta ya kai gefe, ta tsaya.

"Baba, wannan ba rigarka ba ce?"

Ya ce, "Na mahaifiyarki bai kai ba, sai na cika."

A tsarinsa na farko, da tuni ya daɗe da dawowa gida. Sai ga shi yana zaune a bencin asibiti ranar da jikarsa ta zo duniya. Da ya bugo ya gaya mini uwa da 'ya suna lafiya, na ji wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka. Na ce, "To, Yaya, yaushe za ka dawo? Na gaji da sharar ƙofar shago."

Ina jin kukan jaririyar kusa da wayar. Ya ce, "Sai kin gan ni."