Mama Atine ba ta buɗe wa mai feshi ƙofa

A gidan hayarmu na Anguwan Rukuba, ɗakin Magadaliya ne na ƙarshe, dab da rijiya. Fasto ne kaɗai ke kiran ta da wannan suna, ga sauranmu Mama Atine ce mai injin markaɗe. Ta fi shekara ashirin a ɗakin. A nan mijinta ya rasu, daga nan ta aurar da 'ya'yanta. Ni tela ce, ɗakina manne yake da nata, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Wuni take tana niƙa wa mutane tattasai da wake da busasshen kirefish na miya. Wata rana Nneamaka, mai sayar da kirefish ɗin a bakin layi, ta kawo mata tsaraba a robar ruwa. Ƙaninta mai sayar da kifin ado ne ya ba ta. Ta ce, "Mama, kullum kina niƙa gawarsu, ga masu rai ki gani." Wasa take yi. Wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande ne, jajaye jawur, babbansu bai kai gaɓar yatsa ba. Mama Atine ta ɗaga robar ta zuba musu ido, har masu jiran markaɗe suka fara tsaki.

Kafin wata ya zagayo ta sa an haɗa mata akwatin gilashi. Ta je kasuwar Katako ta tsinto saiwar itace ta tafasa, ta wanke yashi, ta dasa ciyayin ruwa da ƙanin Nneamaka ya aiko, ta girke shi gefen taga inda haske ke shiga. Ruwan sama take tara musu, na famfo kuwa ta ce ko kyauta ba ta so. Abincinsu ganyen alayyahu ne guda da ta sulala. Sanyin Jos ya karɓe su, ciyayi suka cika gilashi, su ma suka yi ta hayayyafa, ba ruwansu da ko an kawo wuta ko an ɗauke.

Mu kam mun sha dariya. Matan gida kan leƙa su ce, "Mama Atine, yaushe za mu sha miyan?" Ta ce, "Ranar da kika dafa kyanwarki." Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji masu magana, amma kiwon da ba a ci, ba a sayarwa, ba ya ko kuka? Na taɓa tambayar ta amfaninsu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba su da amfani, shi ya sa. Tun ina yarinya komai na taɓa na wani ne. Na miji, na yara, na coci, na masu markaɗe. Wannan nawa ne." Na ga ta fi ni gaskiya.

Sai wata baƙuwarta daga ƙauye ta kwana, ta kunna maganin sauro mai hayaƙi. Da gari ya waye jajayen nan suna kwance a kan yashi, 'yan kaɗan ne suka tsira. Matar da ban ga hawayenta ba ranar da injinta ya ƙone, ran nan ta yi kuka har da majina. Daga nan ta kafa doka: ba feshi, ba hayaƙi, ko turare ba ya shiga ɗakinta. Ta sayi gidan sauro.

Ga shi kuwa al'adar gidanmu ce, duk shekara kafin Kirsimeti mai gida, Baba Badung, ya kawo mai feshin ƙwari. Kowa ya fitar da tukwane ya buɗe ƙofa. Mama Atine ta toshe ƙasan ƙofarta da jiƙaƙƙen tsumma, ta liƙe taga, ta lulluɓe gilashi da bargo, ta sa kujera a bakin ƙofa ta harɗe. Mai feshi ya yi lallashi ya gaji ya wuce.

In za a faɗi gaskiya, mu ma muna da tamu hujjar. Kyankyasai ba wawaye ba ne. Da sun ji ƙaurin magani sai su yi hijira ɗakinta, su zauna lafiya, in ƙura ta lafa su dawo mana da 'ya'ya da jikoki. Tana bin su da silifa da tafasasshen ruwa, amma ina! Ni kaina ranar da na tarar da ɗaya a cikin leshin amarya, sai da muka yi ta da Mama Atine har maƙwabta suka fito.

Bara Baba Badung ya zo da kansa, sanye da hularsa ta sanyi.

"Mama Atine, ni da mijinki tare muka yi aiki. Kar ki sa in yi abin kunya. Kirefish ne fa! Gobe zan cika miki mudu."

"Baba, na gode. Ka kai wa madam ta yi miya."

"To ki kwashe su a bokiti ki kai waje, a fesa, ki mayar."

"Maganin yana kama bango, yana kama labule. Na binne su sau ɗaya. Kuma yanzu matansu suna ɗauke da ƙwai."

"Ki buɗe ƙofan nan, ko ki nemi wani gida."

Duk mun ɗauka za ta sauko, don wa ke barin ɗakin shekara ashirin, ga rijiya a ƙofa, ga injinta a bakin layi? Ta miƙe ta gyara ɗaurin zani ta ce, "To, Allah ya ba mu alheri."

Haushi ya kama ni. Na bi ta ɗaki na ce, "Mama, kin haukace ne? Saboda ƙwari?" Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Riƙe min wannan." Rariyar shayi ce. Haka na tsugunna ina masifa ina taya ta kamo su ɗaya bayan ɗaya, tana zubawa a babbar kular da take kai abinci taron zumuntar mata. A Keke Napep ta tafi, kula a cinya, gilashi naɗe cikin katifa, tana ta yi wa direba faɗa ya bi ramuka a hankali.

Ɗakin da ta samu can saman dutse yake, ƙarami, ba rijiya, kuma kullum sai ta sauko da ƙafa zuwa wurin injinta, ga ciwon gwiwa. Tsohon ɗakinta kuwa aka fesa shi har sau biyu, aka sa ɗan haya.

Bayan sabuwar shekara na hau na gaishe ta. Raina ya sosu da na ga inda ta koma. Ita ko a jikinta. Ta ja ni gaban gilashi ta nuna mini ƙasan wani ganye. Sai da na ƙanƙance ido na gan su, 'ya'ya rututu, kowanne kamar gashin ido, suna kiwo.

Ta ce, "Yaya gida? Kyankyasan sun ƙare?"

Na ce, "Ina fa. Sun ma fi da."

Ta tsinke ganyen alayyahu ta saka a ruwa, jajayen suka yo kansa. Ta ce, "To, in kin koma ki gaishe min da su."