Dakta Modu da sunan da yake ajiyewa a ƙarshe

Ina cikin keke zan tafi aiki da safen nan aka kira ni, wai Dakta Modu ya rasu.

Malamina. Shi ya duba min digiri na biyu da na uku. 

Ga waɗanda ba su san shi ba, bincikensa a kan leza ne, wato yadda ake amfani da wannan haske mai zafi a yanka ƙarfe, a yi masa walda, ko a ƙara wa bayansa tauri don kada ya ci da wuri. Sashenmu ba shi da injin. Sai ya roƙi gurbi a ɗakin gwaje-gwajen wasu a ƙasar waje, ya tafi da gutsattsarin ƙarfe a jaka, ya dawo mu zauna mu auna. A haka ya rubuta takardun da masu bincike a ƙasashen da bai taɓa takawa ba suke kafa hujja da su. Ku nemi aikinsa a intanet ku ga yawan masu ambatonsa.

Amma har ya koma ga Allah bai zama farfesa ba.

Kun san dalili? Yana da wata ɗabi'a. Duk takardar da ya yi da ɗalibi, sunan ɗalibin yake sawa a farko, nasa a can ƙarshe. Kwamitin ƙarin girma kuwa sunan farko suka fi bai wa maki. Ambaton da duniya take yi masa bai dame su ba. Duk lokacin da ya miƙa fayil sai su dawo da shi, wai yawancin takardun ba shi ya jagoranta ba. Alhali sun sani sarai.

Mutumin nan bai taɓa sa min aiki ranar Lahadi ba, saboda ya san ina coci. Lokacin da na haihu, har gidanmu na Gomari ya zo da matarsa da turaren wuta, da kuma babi na uku na aikina cike da jan biro. Ya ce barka daban, gyara daban.

Zamanmu na ƙarshe a kan aiki, bara ne a ofishinsa. Mun gama takarda mafi girma da muka taɓa yi tare. Tunanin nasa ne, gwajin nasa ne, ni lissafi na yi. Ritayarsa ta matso, wannan ce damarsa ta ƙarshe.

Na ce, "Baba, wannan karon ka sa sunanka a gaba."

Ya yi dariya. Ya ce, "Saratu, ke ma ai fayil ɗinki yana gabansu. Ni na tsufa. Wushe, sannu da aiki, je ki tura ta haka."

Ga abin da yake cina tun safe. Sau ɗaya kawai na roƙe shi. Da ya ce a'a, ban sake magana ba, kuma a cikin raina daɗi na ji.

Ɗazu na ga sanarwar ta'aziyyar da aka saka a zauren sashenmu na waya. An rubuta "Marigayi Farfesa Modu". Wanda ya fara tura ta yana cikin kwamitin da ya mayar masa da fayil. Haba jama'a! Yanzu da ba zai ji ba ne ya cancanta? Na rubuta musu martani mai zafi, sai na goge, don na tuna ni ma ba ni da bakin magana.

Takardar ƙarin girmana ta fito makon jiya, kuma wannan aikin ne ya cike min makin. Kunya ta hana ni kai masa ya gani. Kullum sai in ce gobe.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya riƙa maka iyalinka. A can ya sa sunanka a sahun farko.

Don Allah duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, ya yi masa addu'a. Ni kuma ku roƙa min gafara.