Yayana Ba-Ƙari, Wanda Ya Ƙi Ƙara Bututu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, sha biyu ga watan Fabrairu, Allah Ya karɓi ran yayana, makanikin injin ban ruwa da manoman yankinmu suka sani da Ba-Ƙari, bayan 'yar gajeriyar jinya. Na yi kuka har idanuna suka kumbura. Amma yau da na zauna rubutu, alfahari ya rinjayi baƙin ciki a zuciyata, kuma ba zan ɓoye ba.

Yaya, baƙin da suka zo gaisuwa suna ta tambayata asalin wannan suna. Na ce musu taurin kanka ne ya jawo maka shi. A shekarun da kowa ya haƙa rijiyar burtsatse a gonarsa, ruwan ƙasa ya riƙa ja da baya. Duk rani sai inji ya fara tari yana zuƙo iska, sai a garzayo shagonka a ce ka zo ka ƙara bututu. Kai ka fi kowa cin moriyar wannan aiki, amma kai ka fara tsorata da shi. Wata rana ka ajiye sifana ka ce daga yau ba ƙari, don duk rijiyoyinmu daga tulu ɗaya suke sha, kuma gindinsa muka nufa. In aka kai gindin, ba albasa, ba lemo, sai mu kwashi yara mu bar gonakin iyayenmu.

An yi maka dariya, an zage ka, wasu suka ɗauko makaniki daga nesa. Ko gezau ba ka yi ba. Ka bi manoma gona-gona da wannan babur naka da ya fi ka surutu, har suka gaji suka yarda a zauna. Da taimakon wata ma'aikaciyar hukumar ruwa, kuka riƙa zura igiya a rijiyoyi bayan kowace damina, ku ga iya inda ruwa ya hau. Abin da damina ta zuba, shi kaɗai za a ɗiba a rani, a raba shi bisa girman gona, kowa da ranakun ban ruwansa. Na ƙasa da wannan, ka ce, na jikoki ne.

Ka san halin mutanenka, alkawarin baki ba ya kashe inji. Shi ya sa ka kafa ƙusoshi a bangon shagonka, kowane manomi da tasa. Ranar da ba rabon mutum ba ce, sai ya cire bel ɗin injinsa ya kawo ya rataye. Ba mai gadi, ba tara. Ƙusar da ta kwana ba bel alhali ba ranar mai ita ba ce, duk mai wucewa ya san ta wa ce. Ni kaina, ƙanwarka uwa ɗaya uba ɗaya, ƙusata tana daidai bakin ƙofa, wai don kada a ce ka ɓoye ni.

Sai ga shekarar da damina ta yi rowa, rabon kowa ya koma rabi. Babban manomin da muke kira Mai Inji Uku ya ce shi bel ɗinsa ba zai ƙara ganin ƙusa ba. Ƙananan manoma suka zuba ido, don in ya karya, kowa zai karya. Kai kuwa ka bar rabin itatuwan lemon da Baba ya dasa da hannunsa suka bushe a tsaye. Na gan ka kana shafa jikinsu, kuma har yau abin yana sosa mini rai.

Ana cikin haka babban injin mutumin ya lalace. Kowa ya ce ka ƙyale shi ya ɗanɗana. Ka tafi cikin zafin rana ka gyara masa tsaf, ka tayar da shi ya ga ruwa na zuba. Sannan ka kashe, ka cire bel ɗin ka miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, inji ya tashi," ka ce. "Ƙusarka kuma tana nan, kullum sai na goge mata ƙura."

Washegari da kansa ya zo ya rataye bel ɗin injinansa duka ukun. Daga ranar ba wanda ya ƙara karya rabo, kuma shekara bayan shekara igiya ta riƙa jiƙewa da wuri.

Da aka zo yi maka wanka, babban ɗanka ya ce a kawo ruwa daga tanki. Matarka ta share hawaye ta ce a'a, a buɗe rijiyar tsakar gida. Rijiyar nan ta ƙafe tun kafin a haifi yaranka, har an rufe ta da kwano an ɗora duwatsu. Bara ka leƙa ka ce mata ka ga ƙyalli. Ni na zura guga. Na ji ƙararsa a kan ruwa, na jawo shi cike, mai sanyi, har yana zuba mini a ƙafa. Yaya, da ruwan da ka dawo da shi aka wanke ka.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa da 'ya'yansa da jikokinsa, da dukan manoman da suka tsaya tare da shi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu riƙe abin da ya bar mana, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.